A juya rigar a ga cikinta

Maigidana da ya koya min ɗinki a Fagge bai taɓa fara duba riga ta gaba ba. In ka gama kaftani, ka goge, ka miƙa masa, kafin ya kalli wuya ko aljihu sai ya zura hannu ya juya shi, ciki ya koma waje. Can yake neman ka. Zai bi kalmasa da ɗan yatsa tun daga hammata har ƙasa, ya ja ɗinkin gefe ya ga ko zai buɗe baki, ya duba ko ka bar zare yana reto. In ya sami abin da yake nema ba ya faɗa, reza kawai zai ajiye maka a kan keke, kai ka san sauran. In bai samu ba sai ya ce, "To, ba laifi," ya rataye. Wannan "ba laifi" ita ce iyakar yabonsa, kuma mu yaran shago sai mu yi sati muna jin daɗinta.

Yau ni ma ina da yara a shago, sai dai ba ni ake fara kai wa aiki ba. Da an sauke dutsen guga, tun riga ba ta huce ba, an zura wa mutum-mutumi, an jawo shi bakin ƙofa inda haske ya fi kyau, an ɗauka ta gaba da ta gefe. Kafin in ce a miƙo min in gani, tuni tana kan WhatsApp, tana Instagram, wani lokacin har TikTok da kiɗa a ƙarƙashi. Sannan a koma kan keke, a ɗan taka, a ɗago waya a ga mutum nawa suka kalla, wa ya manna alamar wuta, wa ya rubuta "Masha Allah, aiki ya yi". In aka yi awa guda shiru, sai ka ga ran yaro ya ɓaci, ya fara cewa ai dama yadin ne ba shi da kyau.

Tsakani da Allah, wayar nan tana kawo ciniki. Akwai masu turo min awo daga Abuja da Fatakwal, har da wani a Kumasi, ban taɓa ganin fuskarsu ba. Su turo kuɗi, in shiga kasuwar Kantin Kwari in sayo shadda, in ɗinka, in kai tasha. Maigidana ya yi zamaninsa bai ɗinka wa wanda bai ɗora wa tef a kafaɗa ba. Amma hoto gaban riga kawai yake ɗauka, hannun yaro kuwa, in ka lura, yabo yake bi. Duk inda aka tafa masa nan zai ƙara ƙaimi. Sai wuya ya yi ta shan ado, zare mai walƙiya, maɓallai masu ƙyalli, ciki kuwa a bar shi yadda ya ga dama. Babbar riga mai aska takwas da mai aikin hannu ya yi watanni yana tsiyayar da idonsa a kanta, da wadda injin kwamfuta ya zuba wa aiki a yini guda, in ka jera su a waya da wuya mai kallo ya raba. Sau da yawa ma ta injin ce ke kwashe yabon, don ta fi sheƙi. Mai riga ne kaɗai zai san gaskiya, ranar da ya ɗaga hannu zai yi kabbara ya ji hammata ta yage. Shi kuma ba zai koma ƙasan hoton ya rubuta ba. Tela kawai zai canza.

Masu sa rigar ma abin ya taɓa su. Sai saurayi ya kawo min sabon yadi, in ce masa ina wanda na ɗinka maka watan jiya, ya ce, "Ai an riga an gan ni da shi." Sau ɗaya ya sa, wurin kamun abokinsa, amma hoton ya zaga, don haka rigar ta tsufa. Ni dai kasuwa ta buɗe min, ba zan yi kuka ba. Na dai san nawa albashinsa yake.

Kada wani ya ce waya ce ta koya mana son yabo. Mu ne mutanen da suka mayar da yabo sana'a tun kaka da kakanni. Maroƙi a wurin ɗaurin aure, zabiya a cikin gida, makaɗa a ƙofar fada. Ka shigo taro a ɗaga murya a kira sunanka da na mahaifinka da na kakanka, a tono wani alheri da gidanku ya taɓa yi, ka ji kanka ya fasu, hannu ya tafi aljihu da kansa. Amma cinikin a fili yake. Maroƙi ya san abin da yake sayarwa, kai ka san abin da ka saya, 'yan kallo ma sun sani, kuma da an shafa fatiha an watse kowa zai koma daidai girmansa. Ba wanda ke farkawa da tsakar dare ya duba ko maroƙin ya ƙara wata kalma. Sannan akwai kunya a ciki. Mutum ba ya yi wa kansa kirari sai ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci, su ma a fage, inda nan take za a gwada ko bakin ya yi daidai da ƙashin. Sauran jama'a an bar mu da cewa yabon kai jahilci. Abin da waya ta yi shi ne ta sallami maroƙin ta damƙa wa kowa aikinsa. Kai ne mai biki, kai ne mai roƙo, kuma taron ba ya watsewa.

Waɗanda suka ƙera abin sun san me suka ƙera. A 2009 Facebook ya fito da maɓallin nan mai babban yatsa. Kafin nan in abu ya burge ka sai ka zauna ka rubuta. A 2014 WhatsApp ya kawo 'yan layukan nan biyu masu shuɗi, aka buɗe sabon babin rigima tsakanin miji da mata da tsakanin abokai: ka karanta ka ƙi amsawa. A 2017 ya ƙaro wurin sa hoton da ke ɓacewa bayan kwana guda, tare da jerin sunayen duk wanda ya leƙa. Abin da a da sai dai ka yi zato a ranka, ko wane yana so na, ko wance ta damu da ni, yanzu an mayar maka da shi lamba kana kallo tana hawa tana tsayawa. Su kansu masu Instagram sun ga abin ya yi yawa. Tun 2019 suka fara gwada ɓoye adadin masu yabo a wasu ƙasashe, a 2021 suka bar wa kowa zaɓi ya ɓoye nasa in ya so. Na tambayi yaran shagona ko akwai wanda ya ɓoye a cikinsu. Dariya suka yi min. Ɗaya ya ce, "Oga, in an ɓoye, to me ya rage?"

To, mutum ya gaji da wannan ya ce bari ya ja jiki ya zauna shi kaɗai, nan ma ba a bar shi ba, don a garinmu kaɗaici abin zargi ne. Ka rufe ƙofa yini guda, a fara aiko yara suna tambayar ko lafiya. Ka ɗauke ƙafa daga majalisa, a ce ka yi kuɗi, ko girman kai ya shige ka, ko an mallake ka a gida. In abin ya daɗe a fara raɗe-raɗin a nema maka mai ruƙiyya. Gidajenmu ma ba don mutum ɗaya aka gina su ba. A ɗakin samari na tashi, muna kwana a jere kan tabarma, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ko tari ka yi da dare sai wani ya ce maka sannu. Ban san ɗanɗanon zama ni kaɗai ba sai da aka fara ba ni yanka.

Duk tela ya sani, ɗinki ana yi ana hira, amma yanka ba ya son baki. Ɗinki in ya karkace a farke a sake, almakashi kuwa in ya wuce ya wuce. Mutum ya kawo maka Getzner yadi goma, kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ba za ka sa mata almakashi ana yi maka musun ƙwallo a ka ba. Shi ya sa nake yanka bayan sallar asuba, kafin mai shayin layinmu ya hura wuta. In buɗe shago, in turo ƙofa, in shimfiɗa yadi a kan tebur, tef a wuya, alli a hannu, waya tana can cikin aljihun rigar da na rataye. Ba ka jin komai sai kukan almakashi a cikin shadda da tsintsiyar mai shara daga nesa. A wannan ɗan lokacin ne kawai nake iya bin tunani tun daga farkonsa har ƙarshensa ba wanda ya tsinka min shi. Kuɗin makarantar yara, maganar filin gado da ke neman raba kan 'yan uwa, wanda ya kamata in kira da wanda ya kamata in ƙyale, duk a nan suke warwarewa. Kuma ba wanda ya gani, balle ya yaba. Na lura aikin da na yanka a wannan lokacin shi ya fi zama a jikin mai shi.

Addini bai ɗauki ɓangare ɗaya ya jefar da ɗaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira kafin a fara yi masa wahayi. Ga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, ga halwar da mutanen ɗariƙa suke shiga. A ɗaya hannun kuma ga hadisin da ya ce muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su kuma ba ya haƙurin. Malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa ya taɓa kai mu babin da Imamu Gazali ya ware a littafinsa Ihya'u a kan keɓewa. Ya jera amfanin janyewa, ya jera amfanin shiga jama'a, bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba, ya ce a duba halin mutum da halin waɗanda zai zauna da su. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, cikin ribar keɓewa da ya lissafa har da tsira daga gulma da riya. A zamaninsa in ka rufe ƙofa ka bar su a waje. Yau ka rufe ƙofa ka sa sakata, su biyun suna tafin hannunka. A wani azumi na ga hoton wani bawan Allah a cikin masallaci, ga bargo, ga flas, ga Alƙur'ani a buɗe, ya rubuta cewa ya shiga i'itikafi, a sa shi a addu'a. Ban san zuciyarsa ba, Allah Ya karɓa masa. Na dai daɗe ina tunanin wa ya ɗauki hoton.

Wanda yake kwance a ɗaki yana latse-latse har ƙarfe biyun dare bai keɓe ba, kuma bai shiga mutane ba. Hutun mai kaɗaici ya wuce shi, ladan mai haƙuri da jama'a ma ya wuce shi, don duk wanda ya ɓata masa rai a can, danna maɓalli ɗaya zai yi ya toshe shi.

A majalisa babu wannan maɓallin. Akwai benci a ƙofar shagona da yake cika bayan isha'i: direban adaidaita, malamin firamare, mai POS na kan kwana, wani dattijo ɗan fansho da ba ya rabuwa da rediyo, da masu zuwa su tafi. Ba zan wanke su ba. Ana gulma, ana zaman kashe wando, ana musun Madrid da Barcelona har jijiyar wuya ta tashi, a gangaro kan Kwankwasiyya da Gandujiyya a kusa ba hammata iska. Akwai wanda bai taɓa sa sisi a kuɗin shayi ba, kuma shi ya fi kowa ƙorafin sukari bai ji ba. Ranar da aiki ya yi min yawa har addu'a nake a yi ruwa su watse. Amma a kan bencin nan ba ka zaɓar fuskar da za ka nuna. Sun san ka tun kana makarantar allo. Ka zo da sabuwar shadda kana wani ɗaga kafaɗa, akwai wanda zai tambaye ka, cikin dariya, ko ka biya mai shago bashinsa. In ka rame su za su fara gani. Da aka ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar da ke gabanka ake nufi, ba wadda waya ta goge ta ƙara mata haske ba.

Akwai ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ɗauke ƙafa. A Facebook kuwa yana nan daram, kullum da safe sai ya sa addu'a, ranar Juma'a ya sa hotonsa da farar shadda da hula zanna, a yi ta zuba masa amin. Duk wanda ya san shi a can kawai zai rantse ba shi da damuwa. Dattijon nan ɗan fansho, wanda ko wayar shafawa ba ya riƙewa, shi ya ce wata rana, "Kai, ku tashi mu je gidan yaron nan, shirun ya yi yawa." Muka same shi a zaure. Ashe an sallame shi daga wurin aiki, ya sayar da babur ɗinsa, mai gidan haya ya ba shi wa'adi, kunya ta hana shi fitowa. Hotunan Juma'ar duk tsofaffi ne. Dattijon bai yi masa wa'azi ba. Ya dai ce, "Ɗana, mu ka mayar baƙi?" A daren aka fara karo-karo, mai POS ya riƙe lissafi, direban adaidaita ya ce akwai wanda ke neman mai ja masa da rana.

Na ga iyakar waya sosai a Afrilun 2020, da aka kulle Kano saboda korona ana gab da shiga azumi, daidai lokacin da tela yake tara abin da zai daɗe yana ci. Aka rufe kasuwanni, aka hana taro, kuma a makonnin nan ne aka yi ta rasa dattawa a birni. Ta'aziyya ta koma waya. Ta yi rana, ban musa ba: sanarwar da a da sai an kai gidan rediyo, yanzu cikin minti biyar ta zaga dangi har na Saudiyya. Wani abokina ya rasa mahaifinsa a lokacin. Ɗaruruwan mutane suka rubuta masa Allah Ya jiƙansa, wasu ma ba su rubuta ba, ɗan hoton addu'ar da ake turawa kowa suka manna. Daga baya ya ce min ba zai iya kawo sunan mutum biyar a cikinsu ba. Wanda bai manta ba shi ne maƙwabcinsu da ya zo ya tsaya daga nesa a ƙofar gida, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya sa yaro ya shigar da kwanon abinci. Facebook yana ba mutum damar tara abokai har 5,000. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ce mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa ta gaske da su ba su wuce wajen 150 ba. Ni a ganina ma ya yi mana kara. A je a ƙirga waɗanda za su bar shagonsu a buɗe su bi makara har maƙabarta da rana tsaka.

Sai kuma ranar Litinin, 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya, tun bayan la'asar har wajen awa shida. Twitter kuwa dama gwamnati ta rufe shi tun watan Yuni. Abin dariya abin tausayi. Yara suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wani ya sake sayen data yana zaton tasa ce ta ƙare, aka yi ta tsine wa kamfanin layi ba da haƙƙinsa ba. Daren nan bencina bai ishe mu ba, sai da aka shimfiɗa tabarma. Mutanen da muke layi ɗaya da su amma sai a sallar Juma'a muke haɗuwa, duk suka fito. Aka yi hira har mai shayi ya ƙarar da madararsa. Da abin ya dawo kuwa, kowa ya ruga ya rubuta yadda ya ji daɗin zama babu waya, ya zauna yana jiran a yaba masa. Kuma kada daɗin daren nan ya ruɗe mu. A daidai lokacin mutanen mafi yawan sassan Zamfara sun fi wata guda babu layin waya sam, tun da aka katse shi a farkon Satumba saboda 'yan bindiga, wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna ma abin ya shafe su. A makonnin da layin ya ɗauke a Gusau, masu kawo min ɗinki daga can sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami inda za su kira ɗan uwa su ce suna raye. Wanda ya ji labarinsu ba zai ce rashin waya ni'ima ce ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai a duk wannan shi ne wani yarona, mafi hannu a shagon. Yana da in'ina, kuma tun yana ƙarami aka yi ta yi masa dariya har ya daina magana a cikin mutane. In baƙo ya shigo sai ya sunkuyar da kai kan keke. A waya kuwa wani mutum ne daban: ya iya rubutu, ya iya ciniki, ya iya barkwanci, kwastomomin da yake jawowa sun fi nawa. A can ne aka fara sauraronsa har ya kai ƙarshen magana ba a ƙarasa masa ba. Ya zan ce masa ya ajiye? Shi yabon nan da nake kushewa, shi ne ya fara gaya masa cewa shi ma mutum ne. Kuma shi kaɗai ne a cikinsu nake juya rigarsa in rasa abin ajiye wa reza.

Abin da nake tsoro shi ne ya kai shekara arba'in yana da mabiya dubbai, amma babu benci ko ɗaya a garin nan da za a lura in bai zo ba. Don haka na fara tura shi kai ɗinki da kansa maimakon a ba ɗan adaidaita, ya shiga zaure, ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya tsaya a gwada rigar a gabansa. Ba ya so, yana dawowa yana gumi. Ranar Asabar mai zuwa akwai ɗaurin auren ƙanin mai POS a Bichi, majalisa ta ɗauki mota, na ce masa ya rufe keke da wuri mu tafi tare. Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito, ya ce, "Oga, ba zai yiwu in tura gudummawata ta waya ba?" Na ce ya tura, sannan ƙarfe tara ya same mu a bakin mota.